Rabin da Zan Ba Dogo

Na yi wa likitar ɗana ƙarya. Sau biyu ta tambaye ni, sau biyu na musa. Ta rubuta, na dangwala yatsa.

Ni kafinta ne. Shekarata sittin da uku. Aji uku na yi a makaranta, ubana ya cire ni ya miƙo mini zarto. Ban saba faɗa wa kowa abin da ke cikin gidana ba, kuma ba shawara na zo nema wurinku ba. Ku karanta kawai. Mai zagi ya zaga.

'Ya'yana uku ne. Babban shi ne Dogo, shekara talatin da ɗaya, da shi muke shago. Na tsakiya babbar mota yake ja, Direba muke ce masa. Sai Auta, mace, ashirin da huɗu, tana ɗinki a ɗakin gaba. Uwarsu ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan.

Da gajiya abin ya fara wa Dogo. Mutumin da ke saɓa ƙofa a kafaɗa shi kaɗai, sai na ga yana gogar katako yana zama. Na ce lalaci ne. A gaban masu sayayya na faɗa masa. Bayan mako biyu yana wanke baki da safe jini ya ƙi tsayawa. A asibiti suka ce sankarar jini ce. Wata bakwai suna ɗura masa magani, gashinsa ya zube har gira. Ciwon ya lafa. Likita ta ce lafawa ce kawai, zai dawo, sai an canja masa ɓargo.

Likitar nan yarinya ce, ba za ta girmi Dogo da yawa ba. Gilashinta a kan hanci, biro uku a aljihun farar riga. Ofishinta kujera biyu ne da tebur, teburin ma ƙafarsa ɗaya na rawa, an cusa takarda a ƙasa. Duk zuwan da na yi sai hannuna ya yi ƙaiƙayi.

"Ɓargo?" na ce. "Na cikin ƙashi?"

"Shi, Baba. Nan ake ƙera jini. Nasa ya ɓaci. Za mu share shi, mu zuba masa irin na wani."

"Na wa?"

"Alama goma muke dubawa a jini. Biyar mutum yake gada wurin uba, biyar wurin uwa. In an samu wanda goman ta yi daidai da tasa, madalla. Mun bincika ba mu samu ba. Amma yanzu ko rabi aka samu a cikin dangi muna yi, akwai maganin da muke bi da shi."

Aka ɗebi jininmu mu uku. Ni ban damu da sakamako ba, na riga na san Direba ne. Shi da Dogo kamar katako ɗaya aka tsaga biyu. Tsawo ɗaya, hanci ɗaya, har tarinsu ɗaya. Na ce masa ya ajiye mota, ya ci abinci sosai. Kwana goma ina sa Auta tana ƙara masa nama.

Ranar sakamako a gefen gadon Dogo muka taru. Likita ta buɗe takarda.

"Direba bai dace ba. Ko ɗaya."

Dogo ya fashe da dariya har robar ƙarin ruwan da ke hannunsa na kaɗawa. "Dama na sha faɗa maka tsinto ka aka yi a bakin titi!"

"Kai dai ka ji da ƙoƙon kanka," in ji Direba. "Nama dai na ci, ba ya dawowa."

Ni ban yi dariya ba. Na zuba wa yaron ido. Likita ta gani.

"Ɗanku ne, Baba, ku daina kallonsa haka. Rabi biyu gare ku, rabi biyu ga uwarsu. Dogo ya ɗauki wannan da wannan, Direba ya ɗauki ɗaya gefen duka. Kamannin fuska daban, na jini daban."

"Sauran fa?"

"Auta rabi. Ku ma rabi. Uba kullum rabi ne."

Na miƙe. "To an gama. Ni ne."

"Ba a gama ba, Baba. Auta muka zaɓa."

Na ce wa ya zaɓa? Ta ce su. Na ce gidan nawa? Ta ce ɓargon mai ƙuruciya ya fi saurin kamawa, ya fi zama lafiya a jikin mara lafiya. Ta ce sun gwada jinin Dogo, ba ya faɗa da na Auta. Ta ce Auta ba ta taɓa ciki ba, wannan ma alheri ne a wurinsu.

"Ni da katako nake aiki," na ce. "Tsoho busasshe shi ke riƙe ƙusa. Ɗanye lanƙwashewa yake."

"A katako ke nan, Baba. A ɓargo ɗanyen muke so."

Ta yi bayani. Ba yanka, ba fasa ƙashi. Allura ce a fatar ciki kwana biyar, sai a zauna a kujera, inji ya ja jini ta wannan hannu, ya tace irin, ya mayar da sauran ta wancan. Awa huɗu ko biyar. Washegari mutum ya koma harkarsa.

Haka suka ce mini a kan uwarsu.

Ƙaramin aiki ne, in ji su. Ƙari ne a ciki kamar ƙwai, za a cire ta kwana biyu ta dawo. Ta tafi da ƙafarta, da jakarta, har ta bar wanki a jiƙe ta ce in ta dawo ta ƙarasa. Ita tsoro take ji, ni na ce ta daina shashanci. Aka kawo takarda ban iya karanta ta ba, na dangwala. Allura ɗaya suka yi mata a baya. Ba ta tashi ba. Wankin nan kwana shida ya yi a baho ba wanda ya iya taɓa shi.

Auta fuskar uwarta ce da ita. Har yadda take cije zare da haƙori.

Da muka koma gida na same ta a kan keke, tana ɗinka wa Dogo hula mai taushi saboda sanyin ɗakin asibiti. Doguwar riga ruwan toka a jikinta, tef ɗin awo rataye a wuya, allurai uku soke a ƙirjin rigar.

"Ba za ki bayar ba," na ce.

Keken ya tsaya. "Baba, Yaya ne fa."

"Na san ko wane ne. Ni na haife shi."

"Likita ta ce nawa ya fi…"

"Ranar da kika sa hannu a takardar nan, ki nemi wani uban."

Ba ta yi gardama ba. Ban taɓa renon mai gardama ba, da wannan nake taƙama. Hawaye kawai ke sauka a kan hular, tana gogewa da bayan hannu kada ya ɓata yadin. Da likita ta kira ta ita kaɗai ta tambaye ta ko da son ranta za ta bayar, ta ce ba za ta iya tsallake maganar Baba ba. Su kuma ba sa ɗiba a jikin wanda bai ce ya yarda ba. Likita ta kira ni, ta yi magana har muryarta ta dishe. Na ce ga ni, in rabi kuke so ga rabi.

Suka auna ni. Jini, fitsari, hoton ƙirji. Suka manna mini wayoyi, takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto. Kafin ranar, kwana uku ban taɓa aiki ba, na kwanta na sha maganina a kan lokaci. Komai ya fito ba laifi. Sai ta ajiye biro ta dube ni ta saman gilashi.

"Baba, ƙirjinku na yin ciwo in kun yi aiki ko kun hau bene?"

"A'a."

"Akwai maganin da kuke sha? Kowane iri."

"Ban san ɗanɗanon ƙwaya ba."

"Zan sake tambaya. Allurar nan tana tayar da ɓargo, jini ya cika ya yi kauri. Mai lafiya ciwon ƙashi kawai yake ji. Mai ciwon zuciya tana iya kayar da shi. Ƙirjinku bai taɓa riƙe ku ba?"

"Shekara hamsin ina jan zarto, 'yata. Dubi hannuna."

Ta duba. Ta rubuta.

To ga gaskiyar. Shekara biyu ke nan ƙirjina na kama ni. Kamar a sa ni a matsi a riƙa ɗaurewa, ya bi ta hannun hagu har muƙamuƙi. Ƙwaya iri uku nake sha, da wata ƙarama da nake sawa ƙarƙashin harshe in ya taso. A gwangwanin ƙananan ƙusoshi nake ɓoye su, can saman kanta inda Dogo ma ba ya leƙawa. Cikin 'ya'yana ba wanda ya sani. Mutum ɗaya ya sani a duniya.

Mai Kemis na bakin layinmu. Ba shagonsa ba ne, ɗaukarsa aka yi, amma ya yi karatun magani. Siriri, mai yawan murmushi, kullum riga fara a goge da agogon roba. A ƙofar shagonsa na durƙushe ran farko, da katako a kafaɗata. Shi ya ja ni ciki, ya rufe ƙofa, ya kai ni wani asibiti nesa da unguwa. Na ce in wani ya ji, ni da shi ne. Ya ce ba wanda zai ji. Duk wata yana miƙo mini maganin a leda baƙa kamar sabulu na saya.

Sai bara ya zo falona ya durƙusa, wai Auta yake so. Na ce babu. Ya dawo, na ce babu. Auta ta tambaye ni laifinsa, na ce dariyarsa ta yi yawa. Ba shi da laifi. Ba zan iya zama a falona da mutumin da ya taɓa ganina a ƙasa ina neman numfashi ba, yana ce mini Baba yana zuba mini shayi. Shi ke nan dalilin. Yau na faɗe shi.

Jiya Juma'a likita ta ba mu ranaku. Litinin za a shigar da Dogo ɗakin da ba a shiga, a fara ba shi maganin da zai kashe ɓargonsa, kwana shida. Alhamis a fara mini allura. Litinin ta sama a ɗiba a jikina a zuba masa.

"Daga an fara ba a komawa baya," ta ce. "Jikinsa zai zama fanko. Ko mura ba zai iya karewa ba sai naku ya shiga ya kama."

Na ce, kamar zancen wani nake yi, "In mai bayarwa ya samu matsala a tsakiya fa?"

Ta dube ni ta saman gilashi. "Shi ya sa nake tambaya sau biyu, Baba."

Na fito. Lif ya lalace, ɗakin Dogo hawa na uku. A hawa na biyu ya kama ni. Na juya wa mutane baya kamar ina karanta takardar da ke manne a bango, ni da ba na karanta komai sai da ƙyar. Na sa ƙaramar ƙwayar ƙarƙashin harshe. Gumi ya jiƙa mini riga har ƙugu. Wata mai shara ta ce, "Baba lafiya?" Na ce ta yi aikinta.

Dogo na zaune da hular Auta a ka. Hannayensa sun yi fari, sun yi laushi, duk kantar aiki ta goge. Ban san su ba.

"Baba, an ce in naku ya shiga jikina jinina zai koma irin naku."

"Haka ta ce."

"Shi ke nan, na shiga uku. Zan fara hana mutane dariya a shago."

"Rufe mini baki."

Sai ya ce a hankali, "Tsoro nake ji, Baba. Wanda ke gadon can, an shiga da shi ɗakin nan wancan watan. Har yau ban ga an dawo da shi ba. Amma da aka ce ku ne, sai hankalina ya kwanta. Ku ba kwa faɗuwa."

Na gyara masa bargon rufa da ba ya bukatar gyara. Na ce zan je in ga wani aiki.

Yau Asabar da safe muna karyawa, ni da Auta. Tun ranar da na hana ta bayarwa ba ta kallon idona. Ta ajiye mini shayi da burodi, ta koma can ƙarshen tabarma. Wayarta na gefen faranti, ta yi haske. Ta ɗauka. Na ga fuskarta ta canja.

"Wane ne?"

Ta kifa wayar a cinyarta.

"Karanta mini."

Ta karanta nata tukuna, wanda ta tura jiya: "An sa rana. Baba ne zai ba Yaya. Ka taya mu addu'a." Sai na Mai Kemis: "Baba? Da kansa?" Sai wani: "Likitar ta san komai a kan lafiyarsa?" Sai na ƙarshe, na yanzu: "Don Allah ki ce masa ina son ganinsa yau. Ba maganarmu ba ce."

Ta ɗago. Idon uwarta sak.

"Baba, me yake nufi da komai?"

"Surutun masu magani ne."

"Baba, akwai abin da ke damun ku?"

"Ke ce. Kwashe kayan nan."

Na shiga ɗaki. Na fiddo rigata ruwan ƙasa mai dogon hannu, wadda ban sa ba tun bikin Direba. Na goge takalmi. Maɓallin wuya ya ƙi shiga, sau uku ina gwadawa.

Kemis ɗin ɗaki ɗaya ne, kanta ta gilashi, fanka a sama tana kuka, benci a gefe. Wata mata na sayen maganin tari, na jira ta tafi. Ya fito daga bayan kanta da sauri, ya rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Da kun aiko ni zan zo."

"Rufe ƙofa."

Ya rufe. Ya jawo mini kujera, ban zauna ba.

"Me ka rubuta wa 'yata?"

"Ban faɗa mata komai ba, Baba. Alkawarin da na yi muku yana nan. Amma kun faɗa wa likita?"

"Ba ruwanka."

"Ba ku faɗa ba ke nan." Murmushin nan nasa ya ɓace, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. "Baba, wancan watan kwalba biyu ta ƙaramar kuka karɓa. Da ɗaya ce take kai ku wata uku. Ciwon ƙaruwa yake."

"Kwana biyar ne. Na ɗauki abin da ya fi allura."

"Ba ƙarfin hali ake aunawa ba."

"Saurara, yaro. Ban zo gardama ba." Na dube shi. "Sau biyu ka zo neman Auta na hana ka. Na ba ka. Ka turo manyanka duk ranar da ka ga dama. In Dogo ya fito a ɗaura."

Ya dafa kanta. Na ga yatsunsa sun bar gumi a gilashin. Wannan yaron son ta yake da gaske, ko makaho ya gani. Shekara guda yana aiko mata da zare da maɓallai ta hannun mutane, yana tsammanin ban sani ba.

"Abu ɗaya nake so," na ce. "Kwana goma. Ka yi shiru kamar yadda ka yi shekara biyu."

"Baba, wancan shirun ku kaɗai ya shafa."

"Wannan ma jikina ne."

"In kuka faɗi ranar Asabar mai zuwa, Dogo ba shi da ɓargo. Auta ba a gama auna ta ba, ba a fara mata allura ba. Kafin a shirya ta…" Ya kasa ƙarasawa. "Mutum biyu za ta rasa a mako ɗaya. Ni kuma in zauna da ita, na sani, na yi shiru?"

"Ɗaya na kwance!" Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji gilashin ya amsa. "Ɗaya na kwance, kana so in kai ta biyu da hannuna? Na taɓa kai wata da ƙafarta. Kai ba ka nan. Kai ba ka ga wankin ba."

Bai gane wane wanki ba. Bai tambaya ba.

"Allurar Auta ba irin waccan ba ce, Baba. Wallahi ba irinta ba ce. Ku zo mu je yanzu, likita na nan har azahar. Ku faɗa da bakinku, ya fi muku daraja. Zan tsaya a waje, ba wanda zai san tare muka zo."

Ƙirjina ya fara ɗaurewa. Na ƙi kai hannu aljihu a gabansa. Ya gani duk da haka, idonsa ya sauka kan aljihun, ya dawo kan fuskata.

"In ka buɗe baki," na ce, "ko gawata ba za ta yarda ka aure ta ba. Zan bar wasiyya."

"Na sani, Baba."

"Ka sani. To ka ji abin da na ba ka, ka ji abin da zan hana ka. Za ka yi shiru?"

Fanka na kuka a sama. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman maganin ciwon kai, ba wanda ya kula shi. Yaron ya cire hannunsa daga kanta, ya goge a farar rigarsa. Idonsa ya yi ja. Ya rusuna kamar yadda ya saba, har ƙasa, sannan ya miƙe.

"A'a, Baba. Ba zan yi shiru ba."